Kunne Ya Girmi Kaka: Magana a Kan Tara Faya-fayan Jaz

'Yan'uwana 'yan makaranta, da malamanmu masu girma, ina neman ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana wadda na san wasu za su ce ba ta cancanci tawada da takarda ba, watau tara faya-fayan kiɗan nan na Amurka da ake kira jaz, da saurarensu, da yin sharhi a kansu. Ra'ayina shi ne, tara waɗannan faya-fayai aiki ne mai daraja, gama in ba don masu tarawa ba da rabin wannan kiɗa ya bi iska. Amma mai tarawa da mai sharhi duka biyu sukan ɓata hanya sa'ad da suka manta da kunne, shi ya sa nake ganin ya kamata mu a wannan kwaleji mu koyi saurare tukuna, kafin mu koyi saye ko yanke hukunci.

Sai mu fara da sanin abin da ake magana a kansa. An haifi jaz a birnin New Orleans, kusa da inda kogin Mississippi ke shiga teku, a wajajen shekarar 1900, a hannun baƙar fata jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. Sun haɗa waƙoƙin baƙin ciki nasu da ake kira bulus, da waƙoƙin majami'a, da kiɗan fareti irin na soja, suka fitar da wani abu sabo. Tsarinsa kuwa ga shi: makaɗa su buga karin waƙa gaba ɗaya har kowa ya ji shi, sa'an nan ɗaya bayan ɗaya kowa ya ɗauka shi kaɗai, yana ƙaga nasa nan take a bisa ginshiƙin wancan kari, sauran suna rufa masa baya, daga bisani su komo su haɗu a inda suka tashi. Saboda haka abin da mai busa ya busa daren yau, ko shi kansa ba zai maimaita shi daidai gobe ba. Kiɗan Turawa na gargajiya a rubuce yake, in faifai ya fashe takarda tana nan, wasu su sake bugawa. Jaz kuwa faifai ne littafinsa, in faifai ya tafi magana ta ƙare.

Ga misali wanda ya isa hujja. Tsofaffin New Orleans sun haɗu a kan cewa babban mai busa ƙaho na farkon zamanin shi ne Buddy Bolden, har suna cewa in ya busa a wannan unguwa ana jinsa a waccan. A 1907 hankalinsa ya taɓu, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali a garin Jackson na jihar Louisiana, can ya zauna har ya rasu a 1931. Har yau ba a sami ko faifai ɗaya mai ɗauke da busarsa ba. Muna da sunansa, muna da hotonsa ɗaya tare da 'yan ƙungiyarsa, muna da yabon tsofaffi, amma sautin da ya sa aka yabe shi ya tafi ke nan. Ana kuma ba da labarin wani gwani, Freddie Keppard, wai an nemi a ɗauki busarsa a faifai ya ƙi, don tsoron kada a sace masa fasaha, har wai yakan rufe yatsunsa da hankici in yana busa. Rowar da ya yi kuwa ba ta amfane shi ba, gama a ranar 26 ga Fabrairu 1917 wasu Turawa 5 masu kiran kansu Original Dixieland Jass Band suka shiga ɗakin kamfanin Victor a Niyok, suka yi faifan jaz na farko da aka sayar a duniya. Abin dariya, a gefe ɗaya na faifan nan kukan dabbobi suke kwaikwayo da kayan busa: wannan ya yi carar zakara, wancan haniniyar doki, na uku kukan saniya. Ashe kiɗan da manyan masana ke rubuta littattafai a kansa yau, ta ƙofar garke ya fara shiga faifai!

Kada mai karatu ya zaci ɗaukar kiɗa a zamanin nan abu ne mai sauƙi. Kafin 1925 ba a amfani da makirufo mai lantarki. Makaɗa sukan tsaya gaban wani babban mazurari, ƙarfin sautinsu shi ke girgiza allura ta yi zane a kan kaki. Mai ƙarfin busa a tura shi baya, mai rauni a jawo shi gaba, mai ganga kuwa sau da yawa a hana shi babbar gangarsa, a ba shi 'yan katako ya ƙwanƙwasa, kada allura ta yi tsalle. A watan Afrilu 1923 King Oliver ya kai ƙungiyarsa ɗakin kamfanin Gennett a garin Richmond na jihar Indiana, a cikinsu akwai wani saurayi Louis Armstrong, wanda wannan ne karonsa na farko a faifai. Ɗakin nan yana gefen hanyar jirgin ƙasa, in jirgi ya taho sai a tsaya ya wuce. Har wa yau faifan wancan zamani, mai faɗin inci 10, mai juyi 78 a minti, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti 3 a kowane gefe. Mutumin da ya saba busa rabin dare a gidan rawa, tilas ya taƙaita zancensa cikin minti 3. Ni a ganina wannan ƙunci ya yi musu alheri ta wata fuska. Wanda ya saurari "West End Blues" da Armstrong ya yi a Shikago ranar 28 ga Yuni 1928 zai ji yadda mutum ke faɗin magana cikakkiya, da gabatarwa da ciki da kammalawa, kafin shayi ya huce. Sai a 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai ɗaukar minti 20 ko fiye a gefe guda, makaɗa suka sami sarari, wasunsu kuwa, gaskiya, suka sami sararin da ya fi abin da ke bakinsu.

To, ko bayan an ɗauki kiɗa, faifai yana da maƙiya da yawa. Tsofaffin faya-fayai da wani irin ƙaro ake yinsu, wanda wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya da maƙwabtanta, ga nauyi ga saurin fashewa kamar kasko. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tsananta, ƙaron ya yi wuya, gwamnatin Amurka ta rage abin da ake ba kamfanonin faifai a 1942, aka shiga tattara tsofaffin faya-fayai ana niƙawa don a yi sababbi, har a wasu kantuna sai ka kawo tsoho a sayar maka da sabo. Allah kaɗai ya san abin da aka niƙe a waɗannan shekaru. A shekarar nan kuma, daga 1 ga Agusta, ƙungiyar makaɗan Amurka a ƙarƙashin James Petrillo ta hana 'ya'yanta yin faifai, domin gidajen rediyo da gidajen shaƙatawa suna sa faifai maimakon su ɗauki makaɗa aiki, kuma ba a biyan makaɗan komai. Manyan kamfanoni biyu ba su sauko ba sai a Nuwamba 1944. A cikin wannan tsakani ne sabon salon da ake kira bibop yake tasowa. A 1943 Charlie Parker da Dizzy Gillespie, waɗanda suka zama jagororin salon, suna tare a ƙungiyar Earl Hines, amma ƙungiyar ba ta bar faifai ko ɗaya ba a wannan lokaci. Wuta ma ta ci rabonta: a 2008 gobara ta cinye wata ma'ajiya a harabar Universal a Kalifoniya, inda aka ajiye asalin naɗin makaɗa masu yawa, har da na jaz.

A nan ne darajar mai tarawa take bayyana. Abin mamaki, waɗanda suka fara ɗaukar jaz da muhimmanci irin na ilmi, da yawansu ba Amurkawa ba ne. A Faransa aka kafa Hot Club de France a 1932, kuma a 1936 wani Bafaranshe, Charles Delaunay, ya wallafa littafin da ya jera faya-fayan jaz ɗaya bayan ɗaya: wa ya busa me, a wane gari, a wace rana, da lambar da aka zana a jikin faifai. Aikin ya fi yadda ake zato wuya, domin kamfanoni sau da yawa ba su rubuta sunayen makaɗa, wasu makaɗan kuma sukan ɓoye sunansu saboda sun riga sun sa hannu da wani kamfani. A wasan da aka yi a Massey Hall na birnin Toronto ranar 15 ga Mayu 1953, Parker ya fito a jikin faifai da sunan Charlie Chan, sai dai duk wanda ya san busarsa bai ruɗu ba. Mutane ma ba su cika zauren ba daren nan, gama ana wani babban dambe a Shikago tsakanin Rocky Marciano da Jersey Joe Walcott. Waɗanda suka zaɓi dambe sun sami abin da bai kai minti 3 ba, gama a zagaye na farko aka gama shi, waɗanda suka zaɓi kiɗa kuwa har yau ana sauraren abin da suka ji, domin an naɗi wasan, Charles Mingus mai babban goge ya tafi da zaren.

Wani lokaci ma masu tarawa sukan tono mutum da ransa. A ƙarshen shekarun 1930 wasu masu bincike, cikinsu har da William Russell, suna haɗa littafi a kan makaɗan farko, suka ji labarin wani tsoho Bunk Johnson a garin New Iberia, yana aikin ƙwadago, ba ƙaho ba haƙora. Masoya kiɗa suka yi karo-karo, aka saya masa ƙaho, aka sa likitan haƙori Leonard Bechet, ɗan'uwan shahararren mai busa Sidney Bechet, ya yi masa haƙoran roba. A 1942 tsohon ya yi faifansa na farko. Ya kuma saka musu da labarai masu daɗi, ko da yake masu bincike da yawa daga baya sun ga kamar ya ƙara wa kansa shekaru don ya shiga sahun su Bolden. Wa zai ga laifinsa? Mutanen da suka saya maka haƙora, ai ba ka bar su su koma da ɗan gajeren labari ba.

Akwai kuma Dean Benedetti, wanda shi ma mai busa ne, amma da ya ji Parker sai ya koma binsa da na'urar naɗi a 1947 da 1948. Kayan naɗi suna da tsada, saboda haka in Parker ya fara busa sai ya kunna, in wani ya karɓa sai ya kashe, ko da kuwa wanda ya karɓa ɗin Miles Davis ne. An daɗe ana zaton abin da ya naɗa ya ɓace, sai a 1990 kamfanin Mosaic ya fitar da shi a faifan CD 7. Haka kuma a 2005 wani ma'aikacin babban ɗakin karatu na majalisar Amurka, Larry Appelbaum, yana duba tsofaffin zarurrukan Muryar Amurka, ya ci karo da wasan da Thelonious Monk da John Coltrane suka yi tare a Carnegie Hall a Nuwamba 1957, wanda ya yi shekara 48 a kwance ba wanda ya sani. A Tarayyar Sobiyat ta da kuwa, inda hukuma ta tsananta wa wannan kiɗa bayan yaƙi, samari sukan samo tsofaffin hotunan ƙashi daga asibiti, su yanke su da'ira, su huda tsakiya da wutar taba, su zana kiɗa a kai. Mutum ya sa haƙarƙarin wani a garmaho yana rawa, kuma an ɗaure wasu a kurkuku saboda wannan sana'a. Wanda ya ce tara faifai wasan yara ne, sai ya tambayi kansa ko akwai wasan yaran da ake shiga kurkuku dominsa.

Yanzu fa sai mu juyo ga cutar mai tarawa, gama kowane alheri da ciwonsa. Alfred Lion, wanda ya baro Jamus a zamanin Hitila, ya kafa kamfanin Blue Note a Niyok a 1939. Faya-fayan kamfanin na shekarun 1950, yawancinsu wani likitan tabarau ne, Rudy Van Gelder, ya ɗauke su a falon gidan iyayensa a Hackensack, kafin ya gina ɗakinsa na kansa a 1959. Kiɗa ne mai kyau ƙwarai, ba musu. Amma je ka ga yadda wasu masu tarawa ke sayensa. Mutum ya ɗauki faifai, ya ɗaga shi sama wajen haske, ya duba adireshin da aka buga a takardar tsakiya, ya shafa ya ji ko akwai wani zurfin zobe, sa'an nan ya ɗauko gilashin ƙara girma yana neman wata 'yar alama da ma'aikatar da ta buga faifan ke zanawa a kusa da tsakiya, wadda suke kira kunne domin ta yi kama da shi. In kunnen nan yana nan, faifan Hank Mobley na 1957 mai lamba 1568 yakan kai dala dubbai. In babu, kuɗin ya faɗi warwas, alhali kuwa Mobley bai canza ko numfashi ɗaya ba. Da mutumin nan ya kai faifai gida, sai ya sa shi cikin rigar leda, ya jera a kanta, ya hana kowa taɓawa, shi kansa ba ya sa masa allura don kada daraja ta ragu. Ga kunne a faifai, ga kunnuwa biyu a kansa, duka uku suna hutu. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Ban ce neman bugun farko wauta ce gaba ɗaya ba. Sau da yawa bugun farko ya fi kusa da asalin naɗi, sautinsa ya fi tsabta, kuma sanin waɗannan alamu shi ke hana a sayar wa mutum jabu. Abin da nake ƙi shi ne a mai da faifai kamar zinariyar da ake binnewa. Benedetti da Delaunay sun tara don a ji, shi ya sa muke gode musu. Wanda ya tara don a ce yana da shi, in ya mutu magada su sayar wa wani irinsa, faifan ya tashi daga wannan kurkuku ya koma wancan.

Mai sharhi shi ma yana da tasa cutar, ita ce saurin hukunci. Mujallar DownBeat, wadda aka kafa a Shikago a 1934, takan ba faifai taurari daga 1 zuwa 5, kamar yadda malamanmu ke ba mu maki, sai dai su makaɗa ba su da damar zuwa ofis su roƙi a sake dubawa. A shekarun 1940 masu sharhi suka rabu biyu, masu son tsohon salon New Orleans da masu son bibop, har na biyun suka laƙaba wa na farkon suna mai ma'anar ruɓaɓɓen ɓaure. Rigimar ta ƙetare teku, ta raba Delaunay da abokinsa Hugues Panassié a 1947, domin Panassié ya dage bibop ba jaz ba ne. A 1961 wani mai sharhi a DownBeat, John Tynan, ya ce abin da Coltrane da Eric Dolphy ke busawa kishiyar jaz ne. Shekara 3 bayan haka Coltrane ya yi faifan "A Love Supreme", wanda yau ake lissafa shi cikin mafiya daraja. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake, amma alƙalamin mai sharhi yakan makara.

Maganin wannan cuta wani mai sharhi ne ya gano shi, Leonard Feather. Yakan zaunar da makaɗi, ya sa masa faifai ba tare da ya gaya masa na wane ne ba, ya ce ya faɗi ra'ayinsa. A 1951 ya gwada Roy Eldridge, gwanin ƙaho, wanda ya ce shi da kunne kawai yana iya bambanta busar baƙar fata da ta Bature. Da aka sa faya-fayai, kurensa ya yi yawa ƙwarai. Wani abin da ya kamata ya sa mu duka mu sassauta murya shi ne labarin "Kind of Blue" na Miles Davis, wanda aka ɗauka a ranakun 2 ga Maris da 22 ga Afrilu 1959. Na'urar da ta naɗi gefen farko tana ɗan jan ƙafa, saboda haka da aka buga faifai kiɗan ya fito da ɗan sauri, sautin ya ɗan hau sama. Ba a gyara ba sai a 1992. Shekara 33 ana yabo, ana ba da taurari, masu koyon busa suna mamakin abin da ya sa kayansu ba su daidaita da faifai ba.

Akwai wani abu da ya fi dariya nauyi, wanda ya kamata mai son wannan kiɗa ya riƙa tunawa duk sa'ad da ya ɗauki faifai. King Oliver, wanda faya-fayansa na 1923 suke da tsada yau, ya rasu a 1938 a Savannah cikin talauci, yana sharar wani gidan wasa, ciwon dasashi ya raba shi da busa. A 29 ga Yuli 1946 aka ɗauki Parker yana busa "Lover Man" alhali ba shi da lafiya, da ƙyar yake tsaye, daga baya aka kai shi asibitin Camarillo ya yi wata 6. Kamfanin Dial ya fitar da faifan, shi kuwa ya yi baƙin ciki da haka ƙwarai. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Saboda haka mafi ƙarancin haƙƙin makaɗi a kanmu shi ne mu san sunansa, mu san ranar da ya yi aikin, mu saurare shi da natsuwa, in kuwa yana raye mu sayi aikinsa ta hanyar da wani abu zai kai hannunsa.

Na san abin da wasu za su ce: wannan hayaniya ce, kuma ta baƙi ce, ina ruwan mai koyon aikin malanta da ita? Game da hayaniya, duk harshen da mutum bai iya ba hayaniya ne a kunnensa, har ranar da ya fara tsintar kalmomi. Game da baƙunta, ba na da'awar cewa jaz namu ne. Na Amurka ne, waɗanda suka sha wuyarsa su ne masu shi. Amma kunnen da ya saba da waƙa da amshi ba zai rasa abin kamawa ba sa'ad da ƙaho ya yi kira sauran suka amsa. Su ma masu shi sun waiwayo wannan nahiya: Armstrong ya zo Akara a 1956, ya zo Nijeriya a 1960, kuma Yusef Lateef, gwanin saksafon da sarewa, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana binciken kiɗa, har da sarewar Fulani. In shi ya ƙetaro teku don ya saurari namu, ba abin kunya ba ne mu ba nasu minti 3. Game da aikin malanta kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san shirin darasi kari ne kawai, da yaro ya jefo tambayar da ba ta cikin shiri, sai ƙagen nan take. Malamin da bai iya saurare ba kuwa, ba zai ji inda yaro ya ɓace ba.

Yau ba sai an yi wa garmaho wani ba, ba sai an canza allura ba. Kusan duk faya-fayan da na ambata suna cikin wayar da ke aljihunka, abin da Delaunay zai yi shekara yana nema kai ka same shi kafin ka gama hamma. Sai dai arha tana da nata sharri. Waya takan nuna sunan shugaban ƙungiya kaɗai, ta ɓoye mai ganga da mai piyano, ba ta cika faɗin ranar ɗauka ba, kuma yatsa yakan tsallake kiɗa kafin ya kai rabi. Wanda ya tara waƙa 5,000 a waya bai saurari 50 ba, shi da mai gilashin ƙara girma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, bambancinsu shi ne wancan ya fi kashe kuɗi.

Shawarata ga hukumar kwaleji da shugabannin ɗalibai ita ce, a keɓe sa'a ɗaya a mako don saurare, a ɗakin karatu ko wani aji mai shiru, da lasifika ɗaya mai kyau. Kada a wuce kiɗa 3 a zama guda, kowanne a sa shi sau 2. A karo na farko kada a faɗi sunan kowa, kowa ya rubuta layi 5 na abin da ya ji: ina kari ya ƙare, wa ya fara ɗauka, me mai ganga ke yi a bayansa, ina aka komo. Sa'an nan a faɗi sunaye da shekara da gari, a sake sawa, kana a karanta abin da masu sharhi suka ce, a gwada da namu. A ajiye babban littafi guda a riƙa shigar da duk wannan, domin waɗanda za su zo bayanmu su ga inda muka dace da inda muka yi irin ta Tynan. A fara da Armstrong na 1928, a bi da "Body and Soul" na Coleman Hawkins na 1939, wanda a cikinsa da ƙyar ya taɓa asalin karin kafin ya kama nasa, sa'an nan Duke Ellington, sa'an nan Parker, a bar Coltrane na ƙarshen rayuwarsa sai kunne ya yi ƙwari, gama ba a fara koyon iyo a tsakiyar Kwara. Dokar zaman guda ɗaya ce: wanda ya yi magana kiɗa na tafiya, shi zai share ɗaki.

Wanda ya zo zama 4 ya ce har yanzu hayaniya yake ji, mun sallame shi da girma, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma ya zo ɗin tukuna, gama hukunci kafin saurare ba halin malami ba ne. Allah ya ba mu kunnen ji, ya sa mu amfani yaran da za a danƙa mana. Wassalam.